Ba Kowane Ciwo Ba Ne Tsufa: Abin da Binciken Likitoci Ya Gano Game da Kula da Dattawa





 An nemi in yi bayani kan binciken da likitoci suka yi game da lafiyar tsofaffi da yadda ya kamata a kula da su. Fage ne mai faɗi, zama ɗaya ba zai ishe shi ba, don haka magana ɗaya zan riƙe. Yawancin wahalhalun da muke gani a jikin iyayenmu mu ce "ai tsufa ne, sai haƙuri", cututtuka ne da aka san su, aka san dalilinsu, kuma akwai maganinsu ko abin da zai sauƙaƙa su. Tsufa hukuncin Allah ne, babu mai hana shi. Amma makanta saboda yanar ido, da ruɗewa saboda jiki ya rasa ruwa, da faɗuwa saboda maganin barci, duk ana iya kauce musu.

Yawan dattawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a duniya, kuma zuwa 2050 za su kai biliyan 2.1, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Nijeriya ba su wuce kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, shi ya sa ake ganin kamar batun bai taso ba. Amma kashi 5 na mutum sama da miliyan 200 ba ƙaramin taro ba ne. Wasu kan ce ai mu ba ma daɗewa a duniya. Abin da ke jawo matsakaicin tsawon ranmu ƙasa shi ne yawan mutuwar ƙananan yara. Wanda Allah ya kai shi 60, galibi akwai fiye da shekara goma a gabansa. Tambayar ita ce: a kan ƙafafunsa zai yi su, ko a kwance?

Inda fannin ya samo asali

A 1935 asibitin West Middlesex da ke Landan ya karɓi ragamar wani gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da shi, aka ɗora wa wata likita mai suna Marjory Warren nauyin mutum 714 da ke ciki. Yawancinsu tsofaffi ne da aka yanke ƙauna a kansu. Ana ba su abinci, ana canza musu shimfiɗa, ana jiran ajali. Warren ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta duba su kamar yadda ake duba kowane marar lafiya. Sai ta tarar cututtukansu sun sha bamban, kuma da yawa ba ciwon ne ya hana su tashi ba, doguwar kwanciyar ce ta cinye musu ƙarfi. Ta gyara ɗakunan, ta ƙara haske, ta sa aka riƙa tayar da su ana koya musu tafiya da ci da kansu. Mutanen da aka ɗauka sun gama yawo suka miƙe, wasu suka koma gidajensu. A 1943 da 1946 ta wallafa sakamakon aikinta, ta nemi a mayar da kula da tsofaffi fanni mai zaman kansa a aikin likita. Daga nan fannin ya kafu a Birtaniya.

Babu sabon magani a cikin abin da Warren ta yi. Ƙin yarda ta yi da cewa shekaru sun isa su zama bayanin ciwo.

Ma'aunin lafiyar dattijo

Idan matashi ya zo asibiti, galibi ciwo ɗaya ya kawo shi. Dattijo kuwa yakan zo da hawan jini, da ciwon suga, da ciwon gwiwa, da raunin gani, duk a lokaci guda, kuma ba dukansu ne za su warke ba. To da me za a auna nasara? A 1963 Sidney Katz da abokan aikinsa a Amurka suka fito da ma'auni mai tambaya shida: yana iya wanka da kansa, da sa tufafi, da zuwa makewayi, da tashi daga gado ko kujera, da riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci? Waɗannan su ne mutuncin mutum. Dattijon da awon jininsa ya yi kyau a takarda amma ba ya iya yin tsarki da kansa, bai samu abin da ya zo nema ba.

A 1984 Laurence Rubenstein ya gwada wannan tunani a wani asibitin tsofaffin sojoji a jihar Kalifoniya. Ya raba dattawa marasa ƙarfi gida biyu. Kashi ɗaya aka ci gaba da kula da su yadda aka saba. Ɗaya kashin aka haɗa musu likita da ma'aikaciyar jinya da jami'in jin daɗin jama'a, suka duba jiki da tunani da magunguna da halin da gida yake ciki. Bayan shekara guda, kimanin kashi 48 cikin 100 na kashin farko sun rasu, na biyun kuwa kimanin kashi 24. Binciken ƙarami ne, kuma waɗanda suka biyo baya ba su sami tazara mai girman wannan ba, amma sun tabbatar da cewa wanda aka yi wa irin wannan cikakken dubawa ya fi samun damar komawa gidansa ya ci gaba da rayuwa a cikin iyalinsa.

A 2001 Linda Fried ta bibiyi mutum sama da 5,000 ta fitar da alamomi biyar na raunin tsufa: ramewa ba gaira ba dalili, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali, da ƙarancin motsi. Wanda ya haɗa uku daga ciki, jikinsa ya zama kamar ginin ƙasar da aka daɗe ba a yi wa yaɓe ba: yana tsaye duk rani, amma ruwan dare ɗaya ya isa ya kayar da shi. Zazzaɓin da jikansa zai yi kwana biyu ya watsake, shi yana iya kwantar da shi wata guda. Abin farin ciki, ana iya yin yaɓen. A 1994 Maria Fiatarone ta wallafa gwajin da ta yi a Boston da mutum 100 mazauna gidan tsofaffi, masu shekara 72 zuwa 98. Waɗanda aka sa su atisayen ƙarfafa ƙafafu na mako goma, ƙarfin tsokarsu ya ninka, tafiyarsu ta ƙara sauri. Saboda haka idan muka ce "Baba, ka zauna, kada ka wahalar da kanka", muka karɓe masa buta da fartanya da zuwa masallaci, da niyyar girmamawa muka yi, amma ƙarfinsa muke ragewa.

Faɗuwa, ruɗewa da tarin magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu ga tsohuwa sau da yawa ita ce farkon kwanciyar da ba a tashi. A 1994 Mary Tinetti ta Jami'ar Yale ta nuna cewa faɗuwa tana da dalilai da ake iya ƙirgawa: jini ya sauka idan an miƙe tsaye, maganin barci, shan magani iri huɗu ko fiye, raunin ƙafafu, da abubuwan tuntuɓe a cikin gida. A cikin mutum 301 da ta yi bincike a kansu, waɗanda aka gyara musu waɗannan abubuwa kashi 35 cikin 100 ne suka faɗi a cikin shekara, sauran kuwa kashi 47. Mu dubi gidajenmu da wannan idon: dokin ƙofa mai tudu, santsin makewayi, tabarmar da bakinta ya naɗe, duhun tsakar gida lokacin fita alwalar asuba.

Sai ruɗewa ta farat ɗaya. Hajiya lafiya lau jiya, yau ba ta gane 'ya'yanta, tana maganar da ba kai, tana fizge robar ƙarin ruwa. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, wasu su ce gigin tsufa ne ya zo. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu alama ce cewa akwai abin da ke faruwa a jiki: ciwon huhu, cutar mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, saukar suga, fitsarin da ya ƙi fita, ko ƙarancin ruwa. Tsoho yana iya kasancewa ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Kuma jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, shi ya sa zafin Afrilu da Mayu ke yi musu illa fiye da kowa. Wannan hali na gaggawa ne. A yi addu'a, kuma a tafi asibiti a ranar.

A 1999 Sharon Inouye ta gwada hanyar rigakafin wannan ruɗewa a kan majinyata 852 masu shekara 70 zuwa sama. Ku ji abin da aka yi musu: tuna musu rana da wurin da suke, tayar da su su taka sau uku a rana, sa musu tabarau, cire dattin kunne, ba su ruwa, da taimaka musu su yi barci da abin sha mai ɗumi da tausa da rage hayaniya maimakon ƙwaya. Ruɗewa ta sauka daga kashi 15 cikin 100 zuwa ƙasa da 10. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mai jinya a asibitinmu, idan an koya masa.

Na uku shi ne magani. Ƙoda da hanta suna rage aiki da shekaru, don haka ƙwayar da ta dace da ɗan shekara 40 tana iya yi wa ɗan 80 yawa. Tun 1991 Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi hattara da su ga tsofaffi, kuma har yau ana sabunta shi. Ga yadda abin kan kasance. Gwiwar Baba na ciwo, a je kemis a karɓo masa haɗin da ke da diclofenac ko piroxicam. Maganin ya tayar da jininsa, a ba shi amlodipine. Ƙafafu su kumbura, a ƙara masa maganin fitsari. Fitsarin dare ya hana shi barci, a ba shi diazepam. Ya tashi cikin duhu da magagin ƙwaya, ya faɗi. Kowane magani an ba da shi ne don gyara ɓarnar wanda ya gabace shi. Ga kuma jiƙo da sassaƙe da ba a faɗa wa likita ba. Duk mai kai dattijo asibiti ya tattara abin da yake sha gaba ɗaya a leda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ya ajiye a gaban likita.

Kada a fahimce ni da cewa a guji magani. A 2008 an wallafa wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe 13 kan mutum 3,845 masu shekara 80 zuwa sama da ke da hawan jini. Waɗanda aka ba magani mace-macensu ya ragu da kashi 21 cikin 100, gazawar zuciya kuma da kashi 64. Cewa "ya tsufa, a ƙyale shi" zalunci ne, haka ma cika masa ciki da ƙwayoyi. Ilimin fannin shi ne sanin abin da za a bayar da abin da za a janye.

Abin da aka gano a gida Nijeriya

A 1992 masana daga Jami'ar Ibadan, a ƙarƙashin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, daga baya kuma Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa hannu da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana. Suka kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na dattawan Ibadan ke kamuwa da gigin tsufa, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Wannan bambanci ya ja hankalin duniya zuwa ga rawar da abinci da hawan jini da ciwon suga da yanayin zama ke takawa. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji, raunin gani, rashin karatu da kaɗaici.

Gigin tsufa cutar ƙwaƙwalwa ce. Tsohuwar da ta fita da dare ta ɓata hanya, ko take kiran sunayen matattu, ko take zargin an sace mata kuɗi, ba mayya ba ce. Marar lafiya ce da ke bukatar kariya. Jifanta da maita zunubi ne, kuma a wasu wurare ya jawo duka har da kisa.

A 2007 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi kan dattawa sama da 2,000 a yankin Yarabawa. Suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsa, kuma kaɗan ne suka sami magani. Wannan ya girgiza tunanin da muke da shi cewa tsohon da ke cikin dangi ba ya damuwa. Ana iya zama a gida mai mutum talatin a wuni ba wanda ya zauna ya yi hira da kai. Dattijo ba zai ce yana baƙin ciki ba. Zai ce jiki ba daɗi, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, Arewa maso Gabas ce ta fi yawa, kuma yanar ido ce babban dalili. Fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar ana iya kauce mata ko a warkar da ita. Binciken ya kuma nuna cewa da yawa suna kai idonsu wurin masu aikin gargajiya, inda sakamakon ba ya kyau. Aikin yanar ido a asibiti gajere ne, kuma mutum yana komawa karatun Alƙur'ani da gane fuskar jikokinsa.

Aikin da ke gaban masu bincikenmu

Ma'aunan da na ambata an gina su ne a kan rayuwar wasu. Gwajin tunani da aka fi amfani da shi, na 1975, yana sa mutum ya karanta jimla, ya rubuta wata, ya kwaikwayi zane. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba za ta faɗi wannan jarrabawa alhali hankalinta garau yake. Masu binciken Ibadan sai da suka yi amfani da gwajin da bai dogara da karatun boko ba, wanda kuma ake tambayar wani na kusa da dattijon. Mu ma muna bukatar ma'auni da Hausa, wanda aka gwada ingancinsa a cikin mutanenmu, mai tambayar abin da ya shafe su: yana iya tsugunawa a makewayi, da tashi daga tabarma, da cika raka'o'in salla ba tare da rikicewa ba, da lissafin canji a kasuwa?

Ga tambayoyin da suka cancanci digirin ɗalibanmu. Me ke faruwa da tsohuwar da ta karye a ƙugu aka kai ta wurin mai ɗori, idan aka kwatanta da wadda aka yi wa aiki? Yaya za a daidaita maganin suga da na fitsari ga dattijon da ya dage sai ya yi azumi, ko da shari'a ta ba shi sauƙin ciyarwa? Tsohon da haƙoransa suka zube ya koma kunu da koko, ta yaya za a shigar masa da wake da ƙwai da kifi da nono a cikin abin da aljihun gidan zai iya? Sannan mai jinyar kanta, wadda galibi 'ya ce ko suruka ko jika da aka cire daga makaranta, wa ke duba lafiyarta?

An fara aza tubali. A 2012 aka buɗe cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih a asibitin koyarwa na Ibadan. A 2018 aka sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. Amma mafi yawan dattawanmu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da matan gida, ba su da fansho, kuma asibitin da ya fi kusa da su shi ne ɗakin shan magani na ƙauye. Can ya kamata ilimin ya sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara gwaji mai sauƙi da ma'aikacin lafiya zai yi cikin 'yan mintuna: dattijo ya tashi daga kujera sau biyar cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafawa ba, ya maimaita kalmomi uku bayan ɗan lokaci, a gwada jinsa da raɗa, a duba ganinsa, a tambaye shi ko ya rame ko ransa na ɓaci. Ba ya bukatar wutar lantarki.

Kira

Addininmu ya haɗa kyautata wa iyaye da bauta wa Allah a wuri guda, kuma Suratul Isra'i ta ambaci lokacin tsufansu musamman. Al'adarmu ma ba ta yarda a yar da tsoho ba. Niyya muna da ita. Abin da ya rage shi ne mu haɗa ta da sani.

Ga iyalai: duk sauyin da kuka gani kwatsam a hankalin dattijo ko tafiyarsa ko cinsa, ku kai shi a duba shi. A auna masa jini da suga a kai a kai, a duba masa ido. Ku bar shi ya yi abin da zai iya da kansa. Idan ya kwanta, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, kuma maza su karɓi rabonsu na jinya.

Ga abokan aikina: ku yi magana da dattijon kansa, ba da ɗan rakiyarsa kawai ba. Kafin ku rubuta sabon magani ku tambayi kanku wanne za ku cire.

Ga malamai da iyayen ƙasa: ku faɗa a mumbari da fada cewa gigin tsufa cuta ce, kuma neman magani ga tsoho bai saɓa wa tawakkali ba.

Ga gwamnatoci da jami'o'inmu: a sa wannan fanni cikin karatun likitoci da ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma, a ware ranar dattawa a asibitoci, a biya musu inshora, a ba matasan likitoci kuɗin bincike a garuruwanmu da harshenmu.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu.